BAYANI: Yadda manhajar ALMANACH ke taya malaman asibitin karkara duba yara a Adamawa

A yawancin ƙananan asibitocin karkara a Arewa babu likita. Malamin lafiya ne ke yanke hukunci: wannan zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu? A ba yaro magani a sallame shi, ko a tura shi babban asibiti?

Domin taimaka wa irin wannan ma'aikaci, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya da cibiyar binciken lafiya ta Swiss TPH ta ƙasar Suwizalan suka kawo manhajar ALMANACH jihar Adamawa a 2016, tare da hukumar lafiya matakin farko ta jihar. An tsara ta ne don yara daga wata biyu zuwa shekara biyar, bisa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Manhajar na kan ƙaramar kwamfutar hannu, kuma ana duba yaro da ita ko babu intanet. Amsar da aka ba ta ce ke zaɓar tambaya ta gaba. In aka ce yaro na tari, sai ta nemi a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Numfashi 45 ba abin tsoro ba ne ga jaririn wata shida, domin sai ya kai 50 ake kiransa saurin numfashi. Ga ɗan shekara biyu kuwa iyakar 40 ce, saboda haka adadin nan alamar ciwon huhu ne. Daga nan ta lissafa yawan magani gwargwadon nauyin yaron.

Babban amfaninta shi ne hana rubuta maganin da ba a buƙata. A gwajin da aka yi a Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2015, kusan kashi 15 cikin 100 na yaran da aka duba da tsarin aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali a sauran asibitocin adadin ya kai kashi 84, kuma hakan bai rage yawan waɗanda suka warke ba.

Sai dai manhaja ba ta samar da maganin da ta rubuta. In ta ce a garzaya da yaro babban asibiti, kuɗin mota na wuyan iyaye. Cajin na'ura, gyaranta da sabunta ƙa'idojin da ke cikinta duk kuɗi ne, kuma bayan masu tallafi sun janye, kasafin kuɗin jiha ne kaɗai zai iya ɗaukar wannan nauyi. Nan ne ya kamata masu bibiyar kasafin lafiya su sa ido.