Ɗari a Maleji: Mil Ne ko Kilomita?

Motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka sun cika titunanmu, kuma malejin yawancinsu da jerin lambobi biyu yake zuwa. Manyan da ke waje mil ne a awa ɗaya, ƙananan da ke ciki su ne kilomita. Ido kuwa manyan yake fara kamawa. Direban da ya taka har allura ta hau 100 a manyan lambobi, yana ganin bai karya doka ba, gudun kilomita 161 yake shararawa. Alhali ƙa'idar hanya a Najeriya kilomita 100 ta yarje wa ƙaramar mota a babban titi mai tagwayen hannu, cikin gari kuma 50.

Mil ɗaya kilomita 1.609344 ne cif, tun da Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe huɗu suka daidaita ma'auninsu a 1959. Ba mai riƙe wannan a ka hannunsa na kan sitiyari, ba kuma a buƙatar haka. Abin riƙewa shi ne mil 5 kusan kilomita 8 ne. In kana son mayar da mil kilomita, ɗauki lambar, ka ƙara rabinta, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma nata. Mil 60, a ƙara 30, a ƙara 6, ya tashi kilomita 96. In kuma daga kilomita za ka koma mil, raba gida 8 ka ninka sau 5: kilomita 80 ya zama mil 50. Ɗan kuskuren da ke ciki bai kai kilomita ɗaya cikin ɗari ba.

Mil ba baƙo ba ne a wurinmu, da shi iyayenmu suka auna tafiya, sunayen Mil Tara a Kano da kasuwar Mile 12 a Legas shaida ne. Sai dai allunanmu sun daɗe da komawa kilomita, na Birtaniya da Amurka kuwa har gobe mil ne. Matafiyin da ya karɓi hayar mota a Ingila zai ga 30 a cikin gari, wato kilomita 48. A manyan tituna iyakar 70 ce, kusan kilomita 113. A Wales, tun Satumban 2023 yawancin titunan unguwa mil 20 ne. Tsibirin Ireland ya fi ruɗarwa: Jamhuriyar Ireland ta koma kilomita a 2005, Arewacin Ireland na nan kan mil, ga shi iyakar ba shinge. A Arewacin Ireland allon ba ya faɗa maka ma'auni, lamba ce kawai cikin jan da'ira.

Ɗalibin kimiyya yana da ƙarin aiki, domin jarrabawa mita a daƙiƙa take so. Raba kilomita a awa da 3.6: kilomita 72 ya zama mita 20 a kowace daƙiƙa. A nan kada a yi amfani da dabarar 5 da 8, a sa 1.609, a kuma rubuta ma'aunin kusa da amsa, don lamba tsura maki take jawo a rasa.

Kai kuma mai mota, kafin ka tayar da ita gobe, duba haruffan da ke jikin malejinka. In mph, wato mil a awa, aka rubuta da manya, iyakarka a babban titi 62 ce.