Zubar Jini Cikin Kai: Abin da Ya Kamata Kowane Mai Gida Ya Sani

Sau da yawa a kan ga mutum biyu a gari guda, ciwo ɗaya ya kā da su, aka kai su asibiti ɗaya. Bayan wata biyu, ɗaya ya koma gona, ɗaya kuwa sai an ɗaga shi an kwantar. Sai ka ji ana cewa sammu ne, ko kuwa iska ta buge shi. Jama'a, ba haka ba ne. Ga yadda abin ya ke.

Yadda ciwon ke faruwa

Cikin kan mutum akwai jijiyoyin jini masu ciyar da ƙwaƙwalwa. In jijiya ta raunana, yawanci saboda hawan jini, sai ta fashe, jini ya malala. To, jini yana da amfani ne muddin yana cikin jijiya. Da ya fita, sai ƙwayoyinsa su farfashe, su saki abin nan da ke sa jini ja, wanda likitoci ke kira himogulobin. Akwai ƙarfe cikinsa, in kuwa ya zauna bisa ƙwaƙwalwa ɓarna ya ke yi, ya kan kuma sa jijiyoyin da ke kusa su tsuke, har jini ya kasa wucewa.

Mai shara cikin jini

Allah ya sanya wa jiki mai share wannan ɓarna. Sunansa haftogulobin, hanta ce ke yinsa. Aikinsa shi ne ya kama himogulobin da ya zube, ya ɗaure shi, kāna jiki ya kwashe. A Faransa aka gano shi cikin 1938. Cikin 1955 kuma wani masani, Oliver Smithies, da ke aiki a Toronto ta ƙasar Kanada, ya nuna cewa ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Gadonsa a ke yi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma iri biyu ne, na 1 da na 2. Saboda haka mutane suka kasu uku: masu 1-1, da masu 2-1, da masu 2-2.

Na 1-1 ƙanana ne, suna kutsawa ko'ina. Na 2-2 kuwa curewa su ke yi su zama manya. Likitoci da dama da suka duba waɗanda jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwarsu sun tarar masu 2-2 sun fi fama da tsukewar jijiya. Amma sa'ad da aka haɗa majinyata masu yawa aka lissafa, sai aka ga irin da mutum ya gada ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Yawan jinin da ya zuba, da shekarun mutum, da saurin kai shi asibiti sun fi ƙarfi.

Wannan magana ta shafe mu. Cikin 1958 masu bincike suka auna jinin waɗansu 'yan Nijeriya, suka tarar da yawa ba a ganin haftogulobin cikin jininsu. Daga baya aka gane zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan dalilai, gama yana farfasa ƙwayoyin jini, mai sharar ya yi ta aiki har ya ƙare.

Alamun da za ku lura da su

Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Amai da sanƙarewar wuya. Karkacewar baki. Mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari guda. Magana ta sarƙe, ko mutum ya suma.

Abin da za ku yi

1. Ku nemi mota nan da nan, ku nufi babban asibiti. Kada ku jira gari ya waye.
2. Ku kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi.
3. Kada ku ɗura masa ruwa, ko kunu, ko jiƙo.
4. Kada a yi masa ƙaho, ko tsaga, ko hayaƙi.
5. Kada ku ba shi asfirin, gama yana ƙara zubar jini.

Abu guda kuma, ku riƙe shi da kyau. Tsukewar jijiya ba ta zuwa ran farko, ta kan zo tsakanin kwana 3 da kwana 14. Majinyaci ya kan farfaɗo, har ya ci tuwo, dangi su ce a sallame shi, damina ce, aiki na jira. Kada ku yarda. Akwai magani mai suna nimodifin da a kan ba irin waɗannan majinyata har kwana 21. Ku bari sai likita ya sallame shi da kansa.

Rigakafi

Ba mai iya sāke jinin da ya gada, amma kowa na iya zuwa a auna shi. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake awo aka sami haka, hawan jini ke nan. Wanda aka ba magani ya riƙa sha kullum, ko da ba ya jin ciwon kome. Uwargida ta rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Mai gida ya bar taba. Kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya, amin.