Malami Ya Ɗan Tsahirta, Ɗalibai Su Yi Gardama: Shawara Ga Jami'ar Zuru

A 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, a kan tubalin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta garin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka yanzu ne lokacin duba yadda ake koyarwa a azuzuwanta. Abin da aka saba a jami'o'inmu shi ne malami ya shafe awa biyu yana lacca, ɗalibai na kwafa, su haddace, su zube a takardar jarrabawa, shi ke nan.

Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya lura cewa ɗalibansa na cin jarrabawa da lissafin da suka haddace, amma tambaya mai sauƙi kan ma'anar abin sai ta kayar da su. A 1991 ya sauya salo, ya sa su riƙa koyar da juna a cikin aji.

Ga yadda abin zai kasance a ajin kimiyyar tsirrai. Malama ta yi bayani na minti goma, sannan ta jefa tambaya: ƙwayar ɗorawa ta zama ƙatuwar bishiya, daga ina akasarin nauyin busasshen itacenta ya fito? Ƙasa, ruwa, iska ko hasken rana? Kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya ɗaga katin amsarsa. Da yawa za su ce ƙasa. Malama ba za ta faɗi amsar ba, sai ta ce, "Kowa ya nemi wanda suka saɓa, ya gamsar da shi." Aji ya kaure da gardama, wani da Turanci, wani da Hausa, wata da C'lela. Can sai wata ɗaliba ta tambayi maƙwabcinta, "In ƙasa bishiyar ta cinye, ina ramin da ta bari?" Daga nan a gano cewa iskar kabon da ganye ke shaƙa ce ke zama itace. A sake ɗaga kati, malama ta ƙarƙare.

Sirrin shi ne, wanda ya fahimci abu yanzu-yanzu bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, alhali farfesa ya wuce wurin da daɗewa. Gardawan tsangaya sun san haka, shi ya sa suke musaffa, wannan ya ja, wancan ya gyara masa.

Bincike ma ya tabbatar. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce 225 kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci. Masu faɗuwa sun kai kusan kashi 34 cikin 100 inda lacca zalla ake yi, amma kusan kashi 22 ne inda ɗalibai ke sa baki. A 2009 kuma, binciken Jami'ar Colorado ya nuna fahimta na ƙaruwa ko a rukunin da babu wanda ya san amsar tun farko.

Wannan salo ba ya jiran wutar lantarki ko intanet. Katuna huɗu masu launi sun wadatar. Nauyin yana kan malami: ya tsara tambayar da hadda ba za ta amsa ba, ya kuma tabbatar masu kunya, musamman 'yan mata, sun samu bakin magana. Ɗaliban Zuru gobe su ne malaman gona da za su tsaya gaban manomi su bayyana masa dalilin haɗa wake da dawa. Gara su fara koyon gamsar da mutum tun suna aji ɗaya.