Walƙiya daga Bakin Baƙin Rami

A daren 13 ga Mayu, 2019, masanin taurari Tuan Do na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya saita na'urar hangen nesa ta Keck, wadda ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai, zuwa tsakiyar garken taurarin da rana da duniya ke ciki. Hoton farko da ya fito ya rikita shi. Ga wani ɗigo yana ƙyalli fiye da kima a wurin da aka saba ganin dishi-dishi, har ya ɗauka wani sanannen tauraro ne da ke kewaya a wajen. Sai da sauran hotunan suka biyo baya, ɗigon yana ta dusashewa a kan idonsa, sannan ya gane cewa baƙin ramin da ke tsakiyar garken ne ya yi walƙiya. Cikin sa'o'i biyu kacal ƙarfin hasken ya sauya ninki 75. A shekaru sama da ashirin da aka yi ana sa wa wurin ido, ba a taɓa ganin ya haskaka haka ba.

Mai karatu zai iya tsayar da magana tun nan ya ce, to, ba an ce ko haske ba ya kuɓuta daga baƙin rami ba? Haka ne, ba a yi ƙarya ba. Baƙin rami wuri ne da aka cusa nauyi mai tsananin yawa a ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin fizgarsa ya kai duk abin da ya ƙetare wata iyaka ba shi da hanyar dawowa. Amma kafin a kai wannan iyaka akwai iskar gas da ƙura da ke kewaya ramin a cikin faifai, suna gogar juna, suna ɗaukar zafin da kan kai miliyoyin digiri. Su ne ke haskakawa. Ramin da kansa ba ya nuna komai, don haka kusan duk abin da aka sani game da shi an tsinto shi ne daga halin da abubuwan da ke bakinsa suke shiga.

Kusan kowane babban garken taurari, wato galaksi, yana da irin wannan ƙaton rami a cibiyarsa. Na galaksin da duniya ke ciki sunansa Sagittarius A*, yana ta wajen burujin Ƙausu, wanda ake gani ta kudu da daddare a watannin damina idan hadari ya bari. Nisansa tafiyar haske ce ta kimanin shekara 26,000, nauyinsa kuwa ya kai na rana miliyan 4. Ba da ka aka faɗi wannan nauyi ba. Tawagar Reinhard Genzel a Jamus da ta Andrea Ghez a Amurka sun shafe shekaru suna bin sawun taurarin da ke zagaya wurin, musamman wanda ake kira S2, mai kammala zagaye ɗaya a shekara 16. Aikin ya sama musu rabin kyautar Nobel ta 2020, ɗaya rabin ya tafi ga Roger Penrose.

Abin da ya sa masana ke rububin walƙiyar shi ne agogo. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma babu saƙon da ya fi shi sauri. Saboda haka idan abu ya haskaka gaba ɗayansa ya kuma dushe cikin sa'a guda, faɗinsa ba zai wuce tazarar da haske ke ci a sa'a guda ba, wato kilomita biliyan ɗaya da ɗoriya. Idan cikin mintuna ne, to ya fi haka ƙanƙanta. Ta wannan lissafi mutum yana zaune a duniya zai auna girman wurin da madubin hangen nesansa bai isa ya rarrabe ba. Iyakar Sagittarius A* faɗinta bai fi kilomita miliyan 24 ba, alhali daga duniya zuwa rana kilomita miliyan 150 ne. Ke nan walƙiya mai saurin tashi da sauka daga dab da bakin ramin take fitowa.

An tabbatar da hakan a 2018. Wata na'ura mai suna GRAVITY, wadda ke haɗa hasken manyan madubai huɗu a dutsen Paranal na ƙasar Chile, ta kama walƙiya uku, ta kuma ga ɗigon hasken yana tafiya a da'ira, yana kewaya ramin cikin ƙasa da sa'a guda, da gudun da ya kai kashi 30 cikin ɗari na gudun haske.

Sagittarius A* dai rago ne idan aka gwada shi da takwarorinsa, abin da yake haɗiya bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ba ya zama shiru. Tauraron ɗan'adam na Chandra ya fara kama walƙiyarsa ta hasken eksire a shekarar 2000, kuma daga baya aka ga kusan kullum sai ya yi guda. A watan Satumba na 2013 ya yi wadda ta ninka haskensa na yau da kullum sau 400. Da na'urar James Webb ta dube shi na jimillar sa'o'i 48 tsakanin 2023 da 2024, tawagar Farhad Yusef-Zadeh ta ƙirga manyan walƙiya biyar zuwa shida a rana, ga ƙanana birjik a tsakaninsu, babu wani tsari da za a kama. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na maganaɗisu: layukansa suna murɗewa a cikin iskar da ke kewayawa, su tsinke, su sake haɗewa, su watso ƙwayoyin lantarki da gudu, irin abin da ke faruwa a fuskar rana amma da ƙarfi ninkin ba ninkin. Akwai kuma waɗanda suka taɓa kawo shawarar cewa duwatsun sararin sama ne ke faɗawa suna narkewa.

Wannan rami ya taɓa ba masana kunya. A 2011 aka gano wani curin gas da aka sa wa suna G2, mai nauyin duniya kamar uku, ya doshi ramin. Aka yi ta shelar cewa za a sha kallo idan ya iso, manyan na'urori suka yi layi suna jira. Ya iso a 2014, ya wuce abinsa salin alin. Tawagar Ghez ta ce ai da ma akwai tauraro a ɓoye a cikin curin, shi ya riƙe shi bai tarwatse ba.

Can a wasu galaksi kuwa, abin ya wuce wasa. Tauraro kan yi ɓatan kai ya matso kusa da ramin fiye da yadda ya kamata. Gefensa da ke fuskantar ramin yana shan fizga fiye da gefen baya, kuma idan bambancin ya rinjayi ƙarfin da ke riƙe da tauraron a dunƙule, sai ya miƙe ya zama dogon zare, kamar kwaɓaɓɓen fulawa a injin taliya. Kusan rabin jikinsa yana cillawa waje ya tsere, rabin ya dawo ya naɗe ramin, ya yi ta haskakawa na tsawon watanni. Jack Hills ya yi maganar haka tun 1975, Martin Rees ya fayyace lissafin a 1988, tun kafin a ga ko guda. A galaksi ɗaya abin kan faru ne sau ɗaya a shekara 10,000 zuwa 100,000, shi ya sa sai an zuba wa dubban galaksi ido a lokaci guda. Yanzu an tara misalai sama da ɗari. Wani abin ban sha'awa shi ne ramin da nauyinsa ya haura na rana miliyan 100 ba ya yayyaga tauraro irin rana a waje, haɗiye shi yake yi ɗungurungum, babu haske babu shaida. Don haka ganin walƙiyar kaɗai yakan zama alama cewa ramin bai kai wannan girma ba.

Ko a nan ɗin ma ba komai ke bin littafi ba. An ga wani rami ya yayyaga tauraro a 2018, abin da aka yi wa rajista da AT2018hyz, hasken ya dushe, kowa ya kama gabansa. Kusan shekara uku bayan nan Yvette Cendes ta sake leƙa wurin da na'urorin kama igiyar rediyo, ciki har da MeerKAT ta Afirka ta Kudu, sai ta tarar ramin yana feso abu waje da ƙarfi. Me ya riƙe shi tsawon wannan lokaci? Har yanzu ana muhawara.

Amma walƙiyar da ta fi cancantar a kira ta abin al'ajabi ita ce mai maimaita kanta. A ranar 24 ga Disamba, 2018, tauraron ɗan'adam na XMM-Newton, mallakar hukumar sararin samaniya ta Turai, ya kalli wani galaksi mai suna GSN 069, mai nisan shekarar haske miliyan 250. Giovanni Miniutti da abokan aikinsa a Sifaniya suka ga hasken eksire ya yi tsalle har kusan ninki ɗari, ya ɗauki kamar sa'a guda, ya sauka. Bayan sa'o'i tara ya sake. Da aka koma bayan makonni, yana nan yana yi, bai saɓa lokaci ba. Gas mai faɗawa rami ba shi da wannan ladabi. Duk inda aka ga abu yana cika alkawari haka a sararin sama, zargi na farko shi ne akwai wani abu da ke zagaye.

Bayanin da yawancin masana suka karkata gare shi ke nan: wani tauraro, ko wani ƙaramin baƙin rami, yana kewaya babban a karkace, yana huda faifan gas sau biyu a kowane zagaye, kuma kowace huda tana tayar da kumfar gas mai zafi da ke fitar da eksire. To daga ina faifan ya samu, tunda yawancin waɗannan ramuka a kwance suke? Amsar ta fara fitowa daga AT2019qiz, wani tauraro da aka ga an yayyaga a 2019. A ƙarshen 2023 tawagar Matt Nicholl ta jami'ar Queen's da ke Belfast ta tarar wurin yana walƙiya kusan kowace sa'a 48. Ma'ana, gawar tauraron farko ce ta bazu ta zama faifai, har ta tare wa na biyu hanya. Abubuwa biyu da ake ɗauka ba su da dangantaka sai ga shi ɗaya ne ke haifar da ɗaya, aƙalla a wannan karon.

Ba a gama murna ba wani ya ɓullo da nasa salon. Wani galaksi a burujin Sumbula, mai nisan shekarar haske miliyan 300, ya yi shekara da shekaru ba ya motsi, sai a Disamban 2019 cibiyarsa ta fara haskakawa, ta ƙi dushewa. Masana suna kiransa Ansky. A Fabrairun 2024 ya fara walƙiyar eksire, kowane kwana huɗu da rabi, kuma kowace ɗaya ta ninka irin waɗanda aka saba gani sau goma a tsawo da kuma ƙarfi. Babu tabbatacciyar shaidar cewa an yayyaga tauraro a wurin. Mai yiwuwa rami ne da ke farkawa a gaban idon mutane, abin da ba a taɓa bi daki-daki ba.

Amfanin mai maimaitawa shi ne ana iya yi masa hasashe, a kuma kama mai hasashen idan ya yi kuskure. Wani ɗigon haske mai suna OJ 287 yana cikin hotunan sama tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma an lura yana walƙiya biyu-biyu kusan kowace shekara 12. Mauri Valtonen na Finlan da abokan aikinsa sun daɗe suna cewa ramuka biyu ne, ƙaramin yana huda faifan babban. Suka ce za a ga walƙiya ranar 31 ga Yuli, 2019. A lokacin rana ta tare wa na'urorin duniya wurin, sai aka roƙi na'urar Spitzer da ke can nesa a sarari, ita kuwa ta kama walƙiyar cikin 'yan sa'o'i na lokacin da aka faɗa. Wannan nasara ce babba, ko da yake wasu masana suna jayayya da nauyin rana biliyan 18 da tawagar ta ba babban ramin, suna ganin bai kusa kai haka ba.

Akwai dalilin da ya sa ake ɗokin irin waɗannan tagwaye. Ƙaramin abu mai kewaya babban rami yana girgiza shimfiɗar sarari da kanta, kuma hukumar Turai tana shirin harba LISA wajen 2035, kumbo uku masu tazarar kilomita miliyan 2.5 a tsakaninsu, don jin wannan girgiza. Walƙiyar da ake ƙirgawa yau tana ba da ƙiyasin yawan abin da LISA za ta tarar.

Matsalar da ke tafe ba ta ƙarancin walƙiya ba ce. Cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, za ta riƙa ɗaukar sararin kudu kaf kowane 'yan kwanaki har shekara goma, tana aika sanarwar miliyoyin sauye-sauye a dare guda. Manyan madubai da za su bi kowane ɗaya su auna nisansa ba su da yawa, kuma idan ba a san nisa ba, ba a san ƙarfi ba. An riga an ga illar hakan. Na'urar ZTF da ke dutsen Palomar a Kalifoniya ta kama wata walƙiya a 2018, aka duba, aka ajiye ta a matsayin abin da ba shi da wani muhimmanci. Sai a 2023, da aka lura tana jinkirin dushewa, aka auna ta da Keck, aka tarar daga nisan shekarar haske biliyan 10 take. A 2025 tawagar Matthew Graham ta Caltech ta bayyana cewa a ganiyarta ta yi hasken rana tiriliyan 10, mafi ƙarfi da aka taɓa gani daga baƙin rami, kuma suna zargin tauraro ne mai nauyin rana 30 ko fiye ya faɗa hannu. Har lokacin da suka wallafa sakamakon ba ta gama dushewa ba, wani ɓangare saboda faɗaɗar sararin samaniya tana miƙar da lokacin da ake gani daga nesa: shekara bakwai da aka yi ana kallonta a nan, a can kimanin shekara biyu ce ta wuce.