Gona Ɗaya, Hoto Huɗu

Yawancin hotunan gona da ake yaɗawa ta waya na watan Agusta ne, lokacin da gero ya fid da kai, ko'ina ya yi shar. Suna da kyau, amma ba su nuna yadda gona ke rayuwa a shekara. Mai son hoto mai amfani sai ya zaɓi gona ɗaya, ya tsaya a wuri ɗaya, ya riƙa komowa duk sa'ad da yanayi ya juya.

A fara da neman abin da ba ya gusawa, kamar dutse, rijiya ko itace, a sa shi cikin kowane hoto. Gawo ya fi dacewa, domin yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabon ganye da rani, saɓanin sauran itatuwa.

Da bazara, bayan sharar gona, hasken tsakar rana yakan kashe launi, don haka a ɗauka kafin hantsi ko bayan la'asar, lokacin da inuwa ke fito da tsofaffin kunyoyi da tsibin taki. Da damina, a jira yammacin da hadari ya haɗo daga gabas: a juya wa rana baya, shuka za ta haska a gaban baƙin girgije. Da kaka kuwa mutane ne abin ɗauka: masu girbi, masu ɗaurin dami, masu sussuka da shiƙa. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe nesa, sai a matso kusa, a kuma riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Mai kewar kore a wannan lokaci ya nufi Kadawa ko Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da tumatir da alkama.

Irin wannan hoto yakan zama shaida. A Nijar, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara talatin. Sai ga itatuwa sun ƙaru a gonakin Maraɗi da Damagaram, saboda manoma sun daina sare tohon kututture, suna renonsa. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka da hekta miliyan 5.

Manomi ma zai iya yin haka da wayarsa: ya ga yadda zaizaya ke cin gefen gona, ko inda ruwa ke kwantawa kowace shekara. Sai dai a nemi izinin mai gona da na mutanen da za a ɗauka, kada a tattake shuka, kuma a ajiye kowane hoto da kwanan wata da sunan wurin.