Gidajen Injin Kuza na Kwanwal

Duk wanda ya bi gaɓar tekun Kwanwal, a kudu maso yammacin Ingila, zai riƙa cin karo da dogayen gine-ginen dutse marasa rufi, kowanne da bututun hayaƙi a gefensa. Gidajen injin ne na tsofaffin ramukan kuza da jan ƙarfe.

Ruwa ne babban abokin gabar mahaƙan yankin. Rami na ƙara zurfi, ruwa na ƙara kwararowa, ga shi wasu ramukan, irin na Botallack da Levant, sun ratsa har ƙarƙashin teku. Sai aka girka manyan injunan tururi su zuƙe shi dare da rana. Kowane inji yana da wani ƙaton ƙarfe da ke lilo sama da ƙasa, an ɗora tsakiyarsa a kan bangon gaba, shi ya sa aka gina bangon da kauri ƙwarai. Da kasuwa ta mutu aka kwashe injunan, ginin kuwa ya gagari iska da ruwan sama.

A Levant har yanzu ana tayar da wani inji na 1840 da tururi. A wannan rami ne mutum 31 suka rasu a 1919, lokacin da injin da ke hawa da sauka da ma'aikata ya karye. Ramin kuza na ƙarshe, South Crofty, ya rufe a 1998, sannan a 2006 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Idan na kwatanta, abin da ke min ciwo shi ne Jos, inda Turawa suka haƙi kuza shekara da shekaru, amma abin da ya fi yawa a can yau kududdufai ne masu cin rayukan mutane da dabbobi.