Idan Ido Ya Rufe

'Yan'uwana mata, sau nawa muka ji an ce wance ta watsa wa kishiyarta tafasasshen ruwa, ko ta yi wa 'yar riƙo dukan kawo wuƙa, da aka tambaye ta sai ta ce, "Idona ne ya rufe"? Wannan ba hujja ba ce, amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigidala, aikinsa gadi. Da zarar ya ji alamar barazana, ko da baƙar magana ce, sai ya sa jiki ya zuba wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini. Nan da nan zuciya ta kama bugu, numfashi ya yi sama, hannu ya ɗauki rawa. Shi kuwa sashen da ke bayan goshi, mai auna abin da zai biyo baya, sai aikinsa ya raunana. Rufewar idon ke nan.

To, mu mata mun saba cewa gara a amayar da abin da ke ciki a huta. Ashe ba haka ba ne. A shekarar 2002 wani malamin jami'a a Amurka, Brad Bushman, ya wallafa sakamakon wani gwaji. Ya sa an tunzura ɗalibai, sa'an nan waɗansu suka yi ta naushin buhun 'yan dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, waɗansu kuwa suka zauna shiru. Masu naushin ne suka fi hasala daga baya. Wato dai jifa da kwano, ko barin jaki a daki taiki, ƙara wa wuta itace ne kurum.

Abin da ke kwantar da jiki shi ne jan numfashi sannu a hankali, da zama, da barin wurin kamar minti 20. Amma fa ba ki koma ɗaki kina ta nanata abin da aka faɗa miki ba, don wannan tuƙa ita ke sabunta fushin.

Mai goyo ta fi kowa bukatar kula. Tun 1971 wani likita a Ingila, Norman Guthkelch, ya nuna cewa girgiza jariri da ƙarfi na iya jawo zubar jini a cikin kansa. Idan kukan ya ishe ki, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ko ki miƙa shi ga maƙwabciya, ki fita tsakar gida har ki huce.